Littafin Fanfo da Kawu Ya Hana a Buga

Na Allah ne mu, gare shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu tafiya. Na zauna rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don kada a riƙa tuna wani mutum daban ana cewa shi ne. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa a nan Tamanrasset nake jin ana yabon wani dattijo mai sanyin hali, mai sauƙin kai, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ni dai ban san wannan dattijon ba. Kawun da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa, mutum ne mai taurin kai da ya ishi kowa, ni kuma ya fi isa ta. Duk da haka ina kewarsa, kewar da ban yi zaton za ta kai haka ba.

A zaman makoki maza na ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, mu mata muna ciki, amma tagar zaure a buɗe take, ba abin da ya wuce kunnena. Na ji wani mai shagon atamfa, ɗan Maraɗi, yana cewa, "Allah ya jiƙan bawan Allah nan. Mutum ne mai hangen nesa. Tun ba mu san mece ce ordinatar ba shi ya rungume ta." Kwamfuta yake nufi. Saura kaɗan butar shayi ta suɓuce daga hannuna. Wannan mutumin ne ya laƙaba wa Kawu suna akawun aljannu, har yaran shagonsa suka ɗauka. A cikin gida kuma wata maƙwabciya ta dafa Inna, matar Kawu, tana sharar hawaye tana cewa ko tarinsa ba a ji. Alhali ita ce ta sha aikowa a tambaya ko lafiya, saboda yadda yake dukan tebur yana faɗa da na'ura.  Inna ta ɗago ido ta dube ni, ta mayar kan carbinta.

Sai bayan la'asar wasu mutane suka sauko daga bayan wata motar kaya. 'Yan ƙasarmu ne masu aikin garka a ƙauyukan Hirafok da Mertoutek, waɗanda suke noma wa masu gonakin can tumatir da albasa. Sun yi gaisuwa, sun yi addu'a, ba su yabi kowa ba. Can ɗaya daga cikinsu, wani dogon mutumin Abzin da ke aiki a Hirafok, ya yi tambaya a hankali, "To yanzu wa zai riƙa gyara littafin?"  Mai atamfa ya miƙa masa dabino, aka shiga wata hira.

Littafin da yake nufi shi ne abin da ya cinye ƙarshen rayuwar Kawu, ya haɗa da rabin haƙurina. Kawu ya zo garin nan daga Damagaram yana saurayi, ya koyi gyaran injin ban ruwa, daga baya da fanfunan hasken rana suka shigo ya koma kansu. Babu rijiyar garka a kewayen nan da bai leƙa ba. Da gwiwoyinsa suka gaza, sai wayarsa ta gaje su. Daga safe har yamma kira ne, kuma tambayoyin ba sa sauyawa: fanfo ya yi shiru, ruwa ya ragu, fitila ja ta kama. Wata rana ya kashe wayar ya ce, "Na gaji da maimaita magana ɗaya kamar mai tallar goro. Zan rubuta."

Wani Balarabe injiniya da suka daɗe suna aiki tare ya ba shi tsohuwar kwamfuta. Tsufanta ya kai ba ta iya ɗaukar manyan manhajojin rubutu irin waɗanda nake aiki da su a shagonmu na buga takardu da kwafi. Sai ya saka masa wata 'yar manhaja da ba ta da hoto, ba ta da wurin latsawa. Baƙin allo ne kawai da ɗan farin layi yana ƙyaftawa, yana jira a rubuta masa umarni. Na ce wannan ai azaba ce, mutum mai furfura ya koma haddace kalmomin Turanci. Kawu kuwa ya ga abin da ya dace da shi. Ya sa mata suna magini.

Yadda take aiki ba wuya, in mutum ya yarda ya bi tsarinta. Ka ba ta umarnin fara littafi, sai ta buɗe maka wuri biyu. A na farko kake rubuta babi-babi, rubutu tsura babu ado, tare da jerin da ke nuna wane babi ne ke bin wane. Na biyun ba naka ba ne, nata ne. In ka rubuta kalma biyu a baƙin allon ka danna, kafin ka ɗauke yatsa ta kwashe abin da ka rubuta ta gina cikakken littafi a wurin nan na biyu, da shafuka, da jerin babi a gefe, da wurin neman kalma. Littafin yana buɗewa a kowace waya ko babu sabis, wanda shi ne abin da masu garka ke buƙata. In kuwa ka yi kuskure, sai ta ƙi gini ta zubo maka ƙorafi da Turanci.

Kawu bai iya Turanci ba, ɗan Faransancin wurin aiki gare shi da Larabcin kasuwa. Amma hakan bai hana shi musu da ita ba. Sai ka ji ya daki tebur, "Ƙarya kake, magini! Babin nan yana nan, da hannuna na sa shi!"  Can kuma ka ji murya ta sauko, "A'a, gaskiyarka. Ni na sauya masa suna." A iya sanina, magini ne kaɗai Kawu ya taɓa ce wa gaskiyarka. Na taɓa faɗa masa haka, ya ce ai shi ne kaɗai yake nuna masa daidai inda ya yi kuskure ba tare da ya haɗa da tsegumi ba.

Rigimarmu mafi girma ta faru wata Juma'a da safe, ranar da ba ma buɗe shago. Shi ya kira ni. Ya ce tunda shi ya kai ni lekkol, wato makarantar boko, lokacin da wasu a dangi ke cewa a bar ni a gida, to yau ranar biyan buƙata ce, in zo in duba masa rubutu. Na zo da zuciya ɗaya. Na buɗe littafin da aka gina, na ga kurakurai birjik, na shiga cikin shafukan kai tsaye kamar yadda nake yi wa takardun mutane a shago, na hau gyara. Kawu na gefena a kan kujerarsa ta roba, yana kurɓar shayi yana kallona. Na gyara kalmomi, na daidaita hotuna, na raba dogayen zantukansa da ba su da wurin numfashi. Tun hantsi nake yi har aka fara shirin masallaci, wuyana ya ƙage.

"Kin gama?" in ji shi.

"Na gama, Kawu. Duba ka ga yadda ya yi kyau."

Ya jawo kwamfutar gabansa, ya rubuta kalmominsa biyu da yatsa ɗaya, ya danna. Ya juyo mini da ita. Littafin ya koma yadda na same shi, kowane kuskure ya dawo mazauninsa.

"Kawu! Ina gyarana?"

"Ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Magini ya rushe ya sake. Kullum haka yake yi. Ba ya duba abin da ke cikin ginin, abin da ke tushe yake ɗauka."

"Kana zaune kana kallona tun safe!"

"Ina kallo."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ajiye kofin shayi, ko a jikinsa. "Da na faɗa miki, kafin la'asar kin manta. Yanzu kuwa har ki tsufa ba za ki manta ba. Ɗiyata, in masa ta fito babu gishiri, a kan masar kike barbaɗawa? To ta gobe fa? Ƙullun ake gyarawa."

Haushi ya turnuƙe ni. Na ɗauki mayafina na fita, ko sallama ban yi wa Inna ba. Na ɗauke ƙafa daga gidan sai da ta aiko mini da kwanon dambu da saƙon cewa in yi haƙuri, ita ma haka take fama. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganarsa ta tabbata, ban manta ba. Daga ranar wurin rubutu ya zama ƙullu a bakinmu, littafin da aka gina kuma masa.

Sai maganar bugawa. Ni aikina ke nan, injin yana gabana kullum. Na sha ce masa ya bari in buga masa littafin nan a takarda, in yi masa bango mai kyau, ya riƙe abinsa a hannu kamar kowane marubuci. Ya kafe. "Takarda ba ta jin kira," in ji shi. "In kuskure ya hau takarda ya shiga mota, ina zan same shi?" Shi tsarinsa, duk wanda ya shigo gari daga garka ya biyo ta gida, a goge tsohon littafin da ke wayarsa a zuba masa sabon gini. Wanda ya yi lekkol ya karanta wa wanda bai yi ba, hotuna kuma kowa na ganewa. Ko sunansa bai sa a littafin ba. Na tambaye shi dalili, ya ce ba a sa hannu a aikin da ba a gama ba. Na ce yaushe za a gama? Ya ce ranar da aka daina ƙera sabon fanfo.

Na ɗauka rigima ce kawai irin tasa, sai da ya yi tafiyar Mertoutek. Ya gano ya rubuta wata wayar lantarki a inda ba nan take shiga ba. Ya gyara, ya gina, ya bi duk waɗanda ke da tsohon ya sauya musu, sai mutum ɗaya ta rage: wata mata da ke riƙe da aikin garka ita kaɗai tun da mijinta ya kwanta ciwo. Can babu sabis, kuma ba ta shigowa gari. Muka ce ya ba wani direba saƙo. Ya ce direba zai manta, ko ya ba wata matar daban. Mutumin da ba ya iya tsallake kwata sai an riƙe shi, shi ne ya hau motar kaya ya bi hanyar duwatsun nan. Da ya isa ya tarar fanfon nata ma ya tsaya, ya zauna a bakin rijiya yana ba ta umarni har ruwa ya fito. Ya dawo gwiwoyi sun kumbura, ya daɗe yana salla a zaune. Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Shi kuwa ya miƙo mini ƙullin ɓaure da matar ta ba shi, ya ce, "Ci. Ba ki taɓa cin ɓauren da aka ceto daga kuskure ba." Na ci ina hararsa, kuma ɓauren da daɗi.

Ciwon ajalinsa a ƙirji ya kama shi, aka kwantar da shi a asibiti. Wata rana da yamma, lokacin da ake barin masu dubiya su shiga, ina zaune ni da Inna sai ga mutumin nan na Hirafok. Dubiya ya zo, ba ƙara ba. Amma Kawu ya san fuskar mai garka in ruwa ya yanke masa. Ya yi ta tono har mutumin ya zaro wani abu daga aljihu, roba ce baƙa, ta ƙone ta murɗe. Mai gonar da yake wa aiki ya sayo sabon fanfo, irin da bai daɗe da shigowa kasuwa ba. Littafi ya ce kafin a saukar da fanfo rijiya a kunna shi a tudu a ji ko yana juyawa. Haka ya yi. Tsofaffin fanfuna ba su damu ba, amma sabon yana da roba a ciki da ba ta jure juyawa babu ruwa. Nan take ta ƙone. Kafin a samo wata, rabin tumatir ya bushe, mai gona ya ce in aka sake ya tattara kayansa.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu ta faɗa irin ta ranar ba. Ya riƙe robar yana juyawa. "Ku kawo mini ordinatar."

"Ba za a kawo ba," in ji Inna. "Numfashi ma da ƙyar kake yi."

"Ana sayar da fanfon nan a kasuwa yanzu haka! Duk wanda ya saya zai buɗe littafina!"

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a rage murya. Kawu ya kamo hannuna, ya matse. "Babin saukar da fanfo. Ki cire maganar kunnawa a tudu. Ki sa a gwada shi cikin durom na ruwa. A ƙullu, kin ji ko? Ba a masa ba."

"Kawu, in ka warke ka gyara da kanka."

Ya galla mini harara. "Ni na ce miki warkewa nake shiri?"

Ko a gadon asibiti sai da ya ba ni haushi. Washegari da hantsi ya cika.

Na yi niyyar gyarawa da an share makoki, sai na tarar kwamfutar ta shiga akwati an kulle. Kawu Babba, yayan marigayi, malamin da ke karantar da 'yan ƙasarmu a unguwar, ya ce duk abin da mamaci ya bari ya zama kayan gado, ba mai taɓawa sai an raba. Ban yi musu ba, haka shari'a take. Amma kullum in na bi ta kasuwa na ga sababbin fanfunan nan a jere a ƙofar shago, sai gabana ya faɗi.

Bayan sadakar bakwai aka taru a tsakar gida. Inna na cikin ɗaki tana takaba, labule a sake. Taubashina, babban ɗan Kawu, wanda ke sayar da tayoyi a hanyar tasha kuma bai taɓa buɗe littafin nan ba sai da uban ya rasu, shi ya kawo shawara. A buga littafin a takarda, da hoton Baba a bango, a raba wa jama'a ranar arba'in, ya zama sadaka mai gudana. Kuma a shagonmu za a buga, tunda, in ji shi, ɗiyar mace ba ta da wani amfani da ya wuce wannan. A wani lokaci da na rama, wasa ne tsakaninmu tun muna yara. Ranar ban ga abin dariya ba.

Kawu Babba ya yi na'am. Ya ƙara da cewa kada a taɓa ko harafi ɗaya, a buga shi yadda mai shi ya bar shi, maganar mamaci amana ce.

Na ce, "Kawu, a gafarce ni. Akwai kuskure a ciki, kuma kuskuren yana ƙona fanfo."

"Ke za ki gyara wa Baba rubutu?" in ji taubashina. "Mutumin da ya yi shekara da shekaru a bakin rijiya? Ke ko guga kin taɓa ja?"

"Shi ya ce in gyara."

"Yana cikin zafin ciwo. Kowa ya san marar lafiya yana faɗin abin da bai sani ba."

Na cika na batse. Mutanen da suka yi ta yi masa dariya yana raye, yau su ne masu gadin haruffansa. Za su ɗauki abu ɗaya da ya hana, su haɗa da kuskure ɗaya da ya mutu yana baƙin cikinsa, su raba wa talakawan da aikinsu ke rataye da ruwan rijiya, kuma su kira shi girmamawa. Na buɗe baki zan faɗi abin da zai sa a daɗe ba a gaisa da ni ba, sai muryar Inna ta fito daga bayan labule.

"Malam, ina da magana."

"Muna ji," in ji Kawu Babba.

"Ina wurin ya faɗa mata, kuma hankalinsa garau, don har faɗa ya yi mini. Ni na zauna da mutumin nan. Tuwo ya sha hucewa a gabansa saboda layi ɗaya. Ya je Mertoutek da gwiwar da ba ta kai shi masallaci, saboda waya ɗaya. In kun buga kuskurensa kun raba, ban sani ba ko lada ne zai riƙa isa kabarinsa ko kukan masu garka. Takarda kuwa, da bakinsa ya hana, ba sau ɗaya ba."

 Kawu Babba mutum ne mai tsauri, amma ba ya ƙin gaskiya in ta zo masa ta hanyar da ya sani. Ya tambayi Inna ko akwai wani da ya ji ban da ita, ta ce mutumin Hirafok yana tsaye. Sai ya ce, "To wannan ba gyaran rubutun mamaci ba ne. Wasiyya ce, kuma wasiyya tana gaba da rabon gado. A buɗe akwati a cika masa. Bugawa kuma a bar ta, tunda ya hana."

Taubashina bai so ba. Ya ce ya ji, amma ba zai yarda littafin ubansa ya ci gaba da yawo babu suna kamar ɗan tsintuwa ba. Shi da kansa zai sa suna da hoto da addu'a a shafin farko, ba ya buƙatar taimakon kowa, ai yana taɓa kwamfuta a wurin masu dowan, wato kwastan.

Ranar Juma'a da safe muka zauna a teburin Kawu. Ya ce shi zai fara, shi ne babba. Na ce bismilla. Ya lalubo littafin da aka gina, ya buɗe shafin farko, ya shiga ciki kai tsaye. Na buɗe baki, sai na ga kujerar roba a gefe, babu kowa a kanta. Na ja ta na zauna. Na zuba shayi. Ya yi ta fama, hoto ya ƙi zama a tsakiya, ya goge ya sake, gumi na tsiyaya daga hularsa. Ya rubuta sunan uban da na kakan, ya rubuta addu'a mai tsawo. Ni ina kurɓar shayi. Har aka fara shirin masallaci.

"Ka gama?"

"Na gama. Duba ki ga aikin maza."

Na jawo kwamfutar. Na buɗe ƙullu, na nemo babin saukar da fanfo. A nan wasan ya fita daga raina. Layin yana nan yadda ya rubuta shi, da irin maganarsa: ka kunna shi a tudu ka kasa kunne, fanfo mai lafiya ba ya ɓoye muryarsa. Ina karantawa ina jin shi. Wannan layin da yatsansa ɗaya ya buga shi, harafi bayan harafi, kuma ni ce zan share shi, ba wanda zai ƙara rubuta irinsa. Na fahimci Kawu Babba a lokacin, har na ji dama a ce shi ke da gaskiya. Na sa yatsa na goge, hawaye na zuba a kan madannan. Na rubuta maganar durom. Na koma baƙin allo, na buga kalmomin nan biyu, na danna.

Magini bai yi ƙorafi ba. Littafi ya fito da gyaransa. Suna da hoto da addu'a kuwa sun tafi.

Taubashina ya miƙe tsaye. "Ina sunan Baba? Ke! Kin goge sunan ubana!"

"Ba ni ba ce. Magini ya rushe ya sake. A masa ka rubuta."

"Kina zaune kina kallona tun safe!"

"Ina kallo."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da na faɗa maka, kafin la'asar ka manta."

 Daga bayan labule muka ji wani sauti, mun ɗauka kuka ne, ashe Inna ce ke dariya, karo na farko tun rasuwar. Taubashina ya dube ni, ya dubi kujerar da nake kai, ya koma ya zauna ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Na bar shi ya yi mai isarsa. Da ya sauko daga masallaci na nuna masa inda ake sa sunan mai littafi a ƙullu, wurin da uban ya bari fayau tun farko. Ya rubuta da yatsa ɗaya, shi ya ba da umarnin gini, sunan ya fito ya zauna.

Ranar arba'in aka yi addu'a, aka raba abinci, ni kuma na zauna a zaure masu garka na miƙo wayoyi ina goge tsohon ina zuba sabo. Na zuba wa wata amintacciya littafin a wayarta don ta kai wa matar Mertoutek, na sa ta maimaita mini sunan garkar har na tabbata. Raina ya yi sanyi, na ce na sauke nauyi, daga yau ni da baƙin allo sai a lahira.

Mutumin Hirafok ya karɓi tasa wayar, bai tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe babin, yana bi da yatsa a hankali. Motarsu na ta yi masa oda. Ya ɗago.

"Hajiya, an gyara, madalla. Sai dai ba ki faɗi ruwan ya rufe fanfon duka ba. Wani zai zuba rabin durom ya kunna."

Na dube shi. Na tuna tulin wayoyin da na riga na sallama, masu su har sun hau mota. Wallahi na ji kamar in kurma ihu. Na waiga ina neman wanda zan yi wa faɗa, wanda ya jawo mini wannan duka, babu shi.

"Je ka ce wa direba ya kashe mota," na ce. "Kowa ya dawo da wayarsa."

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe maka kurakuranka, waɗanda ka bi ka gyara da waɗanda ba ka samu ka kai gare su ba. Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya garake. Ka tafi ka bar ni da aikin da ban roƙa ba, kuma na san da gangan ka yi. Na shiga ciki na jawo kujerarka, na buɗe ƙullu.